Hanyar Mai da Allurar Geji a Tsohuwar Motar MGB

Mota tana iya mutuwa a tsakiyar hanya alhali allurar gejin mai tana tsaye a kan rabin tanki. Haka kuma allura tana iya kwantawa ƙasa, direba ya shiga gidan mai hankali a tashe, sai ga tanki ya cika tun ba a zuba abin kirki ba. Masu tsofaffin motoci sun san duka biyun, kuma da yawansu sun yi asarar kuɗi wajen canza kayan da lafiyarsu ƙalau, saboda sun ɗauki maganar allura ba tare da sun bincika ba. Tushen rikicin shi ne, hanyar da mai yake bi zuwa inji daban take, hanyar da labarin mai yake bi zuwa idon direba ita ma daban take. A cikin tanki kaɗai suke haɗuwa. Kowace tana iya lalacewa ɗayar tana lafiya.

Motar da ta fi dacewa a koyi wannan a kanta ita ce MGB, ƙaramar motar gudu da kamfanin MG ya ƙera a garin Abingdon, kusa da Oxford a Ingila, daga 1962 zuwa 1980. An ƙera sama da 500,000, kaso mai tsoka ya tafi Amurka, kuma har yau dubbai suna kan titi a hannun masu son tsofaffin motoci. Ba ta da kwamfuta ko ɗaya. Duk abin da ke cikinta ana iya ganinsa da ido, a taɓa da hannu, a ji da kunne, shi ya sa koyo a kanta yake zama a kai.

Wanda ya saba da Peugeot 504 mai kafireto ya san famfon mai yana manne da jikin inji, inji ne yake motsa shi. A MGB ba haka ba ne. Famfonta na lantarki ne, ƙirar kamfanin SU, kuma yana can baya kusa da tayar dama, nesa kaɗan da tanki. Da zarar an murɗa makulli, tun kafin a tayar da inji, za a ji shi yana ƙas-ƙas-ƙas da sauri, sannan ya rage, sannan ya yi shiru. Wannan sautin ya fi kowane geji faɗin gaskiya. Saurin farko yana nufin yana cika kwanukan kafireto, shirun kuma yana nufin sun cika. A cikinsa akwai fatar roba wadda maganaɗisun lantarki yake ja baya ta zuƙo mai, sifirin kuma ya tura ta gaba ta aika man. Abin da ke kunna maganaɗisun yana kashewa shi ne ɗan kwantak a ƙarƙashin murfi, irin wanda ake samu a tsofaffin injuna. Kwantak ɗin nan shi ne raunin famfon. Idan mota ta daɗe a ajiye, fuskarsa takan yi dauɗa, wuta ta kasa wucewa, a murɗa makulli a ji tsit. Masu motar sun san maganin gaggawa: a ƙwanƙwasa jikin famfon da kan sifana, sai ya farka ya ci gaba da aiki. Wannan dabara ta kai mutum gida ce kawai. Famfon da ya fara neman duka zai sake tsayawa, kuma ba ya zaɓar wuri. Gyaransa shi ne a goge kwantak ko a sa sabo, ko a sayi irin na zamani da aka cire masa kwantak gaba ɗaya.

Idan kuwa famfon ya ƙi yin shiru, yana ta bugawa ba tsayawa alhali inji a kashe yake, to ko tanki ya ƙare, ko yana zuƙar iska ta wani tsagaggen tiyo, ko kuma mai yana malala ta kafireto. A leƙa ƙarƙashin mota nan take. Gwajin da ke raba gardama shi ne a cire tiyon mai daga bakin kafireto, a zura shi cikin kwalba, a murɗa makulli. Famfo mai lafiya zai ba da aƙalla rabin lita a minti guda, ba tare da kumfar iska ba.

Yawancin MGB kafireto biyu gare su, su ma na SU, sai waɗanda aka kai Amurka daga 1975 da aka mayar da su guda ɗaya ƙirar Zenith-Stromberg. Kowanne yana da ɗan kwano da mai ke taruwa a ciki, da fulot mai iyo a kan man, wanda yake toshe ƙofa idan kwanon ya cika, kamar ƙwallon da ke tsayar da ruwa a tankin saman gida. Ƙofar nan ba ta jure matsi mai yawa. A nan ne wasu suke jefa kansu cikin wahala: famfo ya mutu, sai su ɗaura na wata mota mai ƙarfi, ya rinjayi fulot, mai ya riƙa ambaliya. Abin tsoro ne, domin a wannan injin kafireto da bakin salansa gefe ɗaya suke, kafireto a sama, ƙarfe mai zafi a ƙasa, faranti guda ne kawai a tsakaninsu yana kare zafi. Idan farantin ya lalace, mai yakan tafasa a cikin kwano a ranar zafi ko a cunkoso, mota ta riƙa fizga, ta mutu, ta ƙi tashi sai ta huce.

Tanki shi ma yana da nasa ciwon. Yana manne a ƙarƙashin but, laka da ruwa suna taruwa a samansa inda ido ba ya kaiwa, tsatsa ta ci daga sama. Alamar ita ce warin fetur duk lokacin da aka cika tanki, ya ɓace idan man ya yi ƙasa. Daga ciki kuma tsatsar takan zama gari, ta toshe filta, mota ta yi silo lafiya amma ta shaƙe da an taka totur a hawa. Akwai kuma wata ƙaramar matsala da ke wahalar da mutane ba gaira ba dalili: ƙofar shan iska ta tanki ta toshe. Mai yana fita, iska ba ta shiga, har famfo ya gaza zuƙowa. Mota ta yi tafiya mai ɗan nisa ta mutu, a buɗe murfin tanki a ji ya ja iska fuuu, a tayar ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Sai hanya ta biyu, wadda ta fi ruɗa mutane.

A cikin tanki akwai wani fulot a kan doguwar sandar ƙarfe. Ɗaya bakin sandar yana gogar wata siririyar waya da aka naɗe, wadda ke rage gudun wuta. Idan tanki ya cika, fulot yana sama, wuta tana wucewa da yawa. Idan man ya yi ƙasa, wutar takan ragu. Shi kuma gejin da ke gaban direba, ƙirar Smiths, a motocin da aka yi daga ƙarshen 1964 da zafi yake aiki. A cikinsa akwai ɗan falle na ƙarfe iri biyu da aka manne, an naɗe shi da waya. Wuta ta bi wayar, fallen ya ɗumama, ɗaya ƙarfen ya fi ɗaya miƙewa, sai fallen ya lanƙwashe ya tura allura sama. Wannan ne ya sa allurar take tashi a hankali bayan an murɗa makulli, kuma da gangan aka yi haka: mai yana ta kai da kawowa a tanki a kowace kwana da kowane birki, allurar da ke bin kowane motsi ba za ta karantu ba.

Amma gejin da ke dogaro da yawan wuta yana da matsala, domin wutar mota ba ta tsayawa wuri ɗaya. Batir a zaune yana ba da wajen volt 12, inji na gudu kuwa wutar takan haura zuwa kusan 14. Da an bar shi haka, da allura ta riƙa hawa duk lokacin da aka taka totur. Don haka aka ɓoye wani ɗan akwatin ƙarfe a bayan dashbod, bai kai akwatin ashana ba, aikinsa daidaita wutar da ke zuwa geji. Yadda yake yin aikin abin sha'awa ne. Ba ya rage wutar, yanke ta yake yi yana mayarwa, yankewa da mayarwa ba fasawa, ta yadda idan aka haɗa lissafi za ta zama kamar volt 10. Tunda gejin mai jinkiri ne, ba ya jin yankewar. Wanda bai san haka ba, idan ya sa mita ya ga lamba tana tsalle tsakanin 12 da sifili, sai ya ce akwatin ya lalace ya jefar, alhali tsallen shi ne shaidar lafiyarsa. Ƙwan fitilar gwaji ya fi mita nuna wannan: zai riƙa kamawa yana ɗaukewa.

Akwatin yana buƙatar jikinsa ya taɓa ƙarfen mota sosai, domin a mota jikin ƙarfen ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Idan sukurun da ke riƙe da shi ya saki ko ya yi tsatsa, sai ya daina yankewa, wuta ta wuce gaba ɗayanta, allura ta nuna fiye da abin da ke tanki. Wannan ita ce mafi munin ƙaryar da geji yake yi, ita ce take barin mutum a daji yana kallon allura a kan kwata. A motocin da gejin zafin injinsu na lantarki ne, irin waɗanda aka kai Amurka daga 1968, akwatin guda ne yake ciyar da geji biyun. Saboda haka idan aka ga allurar mai da ta zafi sun hau tare, kada a yi saurin kwance lagireto. Da wuya abubuwa biyu da ba su da alaƙa su lalace rana ɗaya, a fara duba abin da ya haɗa su. Mai sayen sabon akwati na zamani kuma ya lura da shekarar motarsa, domin MGB da aka yi kafin ƙarshen 1967 kan batir na fositif ne yake haɗe da jikin mota, akasin abin da aka sani yanzu.

Wayoyin motar na kamfanin Lucas ne, kuma launinsu yana bin ƙa'ida, abin da ke sauƙaƙa bincike ƙwarai. Baƙa ta haɗin jikin mota ce. Fara tana ɗauko wuta daga makulli, ita ce take zuwa famfon mai, kuma daga masana'anta ba a sa mata fis ba, shi ya sa masu lura suke ƙara mata. Koriya ta bi ta fis, ita ce take ciyar da geji da sigina da waifa da fitilar birki. Idan allurar mai ta faɗi ƙasa, a gwada sigina. In ita ma ta mutu, ba ruwan tanki, fis ne ko bakinsa da ya yi dauɗa. Koriya mai ratsin baƙi kuwa ita ce ta taso daga geji zuwa tanki. A cire ta daga jikin tanki, a taɓa ta da ƙarfen mota na ɗan lokaci, makulli a buɗe. Idan allura ta fara hawa zuwa sama, geji da waya da akwati duk suna aiki, laifin yana cikin tanki: ko fulot ya huje ya sha mai ya nutse, ko siririyar wayar ta cinye a wurin da aka fi gogarta. Kada a daɗe ana riƙe da ita, gejin zai iya ƙonewa. A ganina babu bakaniken da ya cancanci ya ce a sayi sabon geji kafin ya yi wannan gwajin, wanda bai kai minti ɗaya ba.

Akwai wata allura da ke taimakawa wajen gano ciwon mai, ko da yake ba ta mai ba ce, wato mai ƙidaya juyin inji. A MGB da aka yi bayan 1964 daga wutar kwayil take samun labarinta. Idan mota ta mutu ana cikin tafiya, a kalle ta kafin a taka kulochi. In ta faɗi sifili farat ɗaya alhali taya tana ci gaba da juya inji, wuta ce ta yanke. In kuwa tana sauka a hankali tare da gudun mota, wuta tana nan, zargi ya koma kan mai.

Man da ake sayarwa yau ma ba shi ne wanda aka ƙera motar dominsa ba. A Birtaniya, tun Satumba 2021 fetur na yau da kullum yana iya ɗaukar itanol har kashi 10 cikin 100, a Amurka kuwa an daɗe da haka. Itanol yana jan danshi, ruwa ya kwanta a gindin tankin motar da ba a hawa kullum, tsatsa ta ƙaru. Yana kuma cin tsohuwar roba, tiyo ya tsage daga ciki alhali wajensa sumul. Duk tiyon da ba a san shekarunsa ba a canza shi da wanda aka yi don irin wannan man.

Idan bincike ya kai ga dole a ciro fulot ɗin tanki, a yi shi da natsuwa. A gefen tanki yake, don haka sai man ya sauka ƙasa da bakin ramin. A cire kan batir tukuna, a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, ba sigari, ba fitila mai harshen wuta. Zoben da ke kulle shi kada a buge shi da ƙarfe, a sa katako ko tagulla, don kada tartsatsi ya tashi. Tankin da ya kusa ƙarewa ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur da ya gauraya da iska ne yake kamawa. Kafin a mayar, a jijjiga fulot ɗin kusa da kunne, in an ji mai yana motsi a ciki ya huje. A sa sabuwar robar baki, a ɗaure, a zuba mai kaɗan a duba ko yana zuba kafin a cika tanki.