Kiɗan Rok Da Jitar Katako: Aikin Yana Hannun Dama

Ranar 16 ga Janairu 1992, Eric Clapton, shahararren makaɗin jita na Ingila, ya zauna kan kujera a ɗakin ɗaukar hoto na Bray riƙe da jitar katako ƙirar Martin wadda aka yi tun 1939. Shirin talabijin ne na tashar MTV mai suna Unplugged, wato an zare wayar lantarki. A nan ya kaɗa waƙarsa Layla, wadda ta fito a 1970 da ƙarar jitar lantarki mai gudu. Wannan karo ya rage mata sauri, ya sauke muryarsa ƙasa, ya ba ta taku mai rangaji. A 1993 ta ci lambar Grammy ta waƙar rok mafi kyau.

To, masu karatu, me ya hana shi kaɗa ta yadda aka san ta? Jitar lantarki tana da mai taimako. In an taɓa tsirkiya sau ɗaya, na'urar ƙara sauti takan riƙe amon ya yi ta gurnani. Jitar katako kuwa da an taɓa ta sai amon ya fara mutuwa. Ga shi kuma a irin wannan zama akan rage ganguna ko a ajiye su ɗungum. Saboda haka duk nauyin takun waƙa yakan koma kan hannun da ke kaɗa tsirkiyoyi, wato hannun dama, sai fa ga bahago. Matasanmu da ke da jita a gida sun san wannan ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji.

Abu na farko shi ne kada hannun ya tsaya. Ya riƙa sauka yana hawa daidai wa daida, daga wuyan hannu, ba daga kafaɗa ba. Inda ba a son sauti, hannun ya wuce ta iska bai taɓa tsirkiya ba, amma tafiyarsa ba ta yanke ba. Yawancin masu koyo nan suke faɗuwa: sukan tsayar da hannu su jira bugu na gaba, sai taku ya karye, mai waƙa ya rasa inda zai taka. Mai son jin inda wannan ɗabi'a take kaiwa ya saurari Pete Townshend na ƙungiyar The Who a farkon Pinball Wizard ta 1969.

Daga nan sai a raba tsirkiyoyi shida gida biyu. Kiɗan rok ana ƙirga shi ne ɗaya, biyu, uku, huɗu. Mai ganga yakan taka babbar ganga a ɗaya da uku, ya doki ƙarama mai tsawa a biyu da huɗu. Mai jitar katako sai ya kwaikwaye shi: a ɗaya da uku ya taɓa tsirkiyoyi masu kauri kaɗai, a biyu da huɗu ya share sirara da ƙarfi. Wasu ma a biyu da huɗu sukan sassauta yatsun hagu, ko su kifa gefen tafin dama a kan tsirkiyoyi daidai lokacin bugun, sai a ji "cak" ba amo. Wannan "cak" ɗin ita ce ke sa mai sauraro kaɗa ƙafa.

Akwai kuma dannewa. A ɗora gefen tafin hannu a hankali kusa da jaki, inda tsirkiyoyi suke zaune a jikin jita, sai sautin ya dushe ya yi kauri. Da wannan ake bin baitoci, a bar wa murya fili. In an zo amshi a ɗage hannu a saki duka shida. A ganina wannan ya fi kowace dabara amfani, domin jitar katako ba ta da maɓallin ƙara murya. In ka fara da iyakar ƙarfinka, ba ka da abin ƙarawa in amshi ya zo.

Kada a ɗauka katako yana nufin laushi. Street Fighting Man ta ƙungiyar Rolling Stones, ta 1968, babu jitar lantarki a cikinta in ban da bes. Keith Richards ya kaɗa ta katako ne a gaban ƙaramar rikodar kaset ta Philips, har sautin ya fi ƙarfin na'urar ya fashe. Ba kuma kowa ne ya zare waya da gaske ba. Da ƙungiyar Nirvana ta yi nata Unplugged a New York ranar 18 ga Nuwamba 1993, Kurt Cobain, wanda bahago ne, ya jona tasa jitar katako da na'urar ƙara sauti. Mai gangarsu Dave Grohl, wanda aka sani da duka kamar zai fasa fata, shi ne ya ajiye sandunansa ya ɗauki masu laushi domin a ji jitar.