Alƙalami da lakwal: gadon Yunanawa a bakin ɗiyanmu na Magariya da Dungas

Kowace shekara, in damina ta ɗauke, yara daga Bande, Washa, Sassumburum, Dogo-Dogo da Malawa suna komawa kwaleji da lise. Iyayensu da yawa suna kuka da abu guda: yaro ya dawo hutu da kalmomin da ba mai gane su a gida, har yana ganin Hausa ba ta isa ɗaukar ilimi ba. Ya kamata mu binciki asalin kalmomin nan, domin da yawansu ba na Faransawa ba ne. Su ma aro suka yi daga Girkawa, waɗanda malamanmu na zaure suka sani da sunan Yunanawa.

Mu fara da lakwal. Daga faransanci muka ɗauko ta, amma tushenta kalmar Girkanci ce, "skole", wadda ke nufin lokacin hutu, lokacin da mutum ya aje aiki ya zauna neman sani. Manomin da ya shiga ajin yaƙi da jahilci da rani ya fi kowa fahimtar wannan ma'ana. Lise kuwa sunan wurin da Aristo ya koyar ne a birnin Atina, sama da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Jewometri awon ƙasa ce, dimokuraɗiyya ikon jama'a, talho kuma murya daga nesa. Ɗan aji na huɗu da ke fama da ƙa'idar Fitagor, da an gaya masa cewa da igiya mai gaba 3, 4 da 5 magini ke daidaita kusurwar ɗaki, da tsoro ya ragu.

Wannan gado bai jira zuwan Nasara ba. Ya riga ya iso mu ta hanyar Larabci. A Bagadaza, zamanin halifa Ma'amun, daga 813 zuwa 833, an juya littattafan Yunanawa na magani, lissafi da manɗiƙi zuwa Larabci, daga nan suka bi ayari har ƙasar Hausa. Alƙalamin almajiri daga "kalamos" ya samo suna, wato kara. Falsafa son hikima ce a harshensu, dirhami kuma daga kuɗinsu "dirakma". Ashe ɗan makarantar allo da ɗan kwaleji daga rijiya ɗaya suke sha, guga ce ta bambanta.

Babban darasin yana cikin tarihin Girka ta yanzu. Shekaru masu yawa ƙasar tana da harshe kashi biyu: na hukuma da makaranta, wanda aka ƙera bisa tsohon Girkanci, da na jama'a, wanda uwa ke yi wa ɗanta magana da shi. Gardamar ta yi zafi har mutum 8 suka mutu a Atina a 1901, saboda an buga Linjila cikin harshen talakawa. Sai a 1976 doka ta mai da harshen jama'a ya zama na makaranta da na mulki, kuma a 1982 aka sauƙaƙa alamomin rubutu. Duk da haka ba su yar da na da ba: ɗalibansu na sakandare suna karanta tsohon Girkanci har gobe, don su san daga ina suka fito.

Mu ma mun kama wannan hanya. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, faransanci da ingilishi kuma harsunan aiki. Amma doka ba ta rubuta littafi. Muddin babu littafin lissafi da na kimiyya cikin Hausa a kwaleji, yaro zai ci gaba da haddar abin da bai gane ba, ya faɗi jarrabawar birebe, ya dawo gida bai iya noma ba, bai iya biro ba.

Don haka aiki yana kan kowa. Malamai su riƙa fasa wa yara baƙar kalma su nuna abin da ke ciki. Shugabannin ilimi su tara malaman boko da na zaure, su daidaita kalmomin fasaha. Ku kuma da kuka ci nasarar yaƙi da jahilci, ku sa ɗiyanku su rubuta muku wasiƙa da Hausa, ku gyara musu inda suka kuskure. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba ɗiyanmu ilimi mai amfani, amin.