Taimakon Marayu da Iyalan da Yaƙi Ya Ɗaiɗaita: Abin Koyi Daga Potiskum

Yaƙi ba ya ƙarewa ran da aka ajiye bindiga. Yakan bar marayu da matan da aka kashe wa maza, da gonaki da suka koma saura. Shi ya sa bayan yaƙin basasa, a 1970, Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa manufa uku, watau sasanta jama'a, da sake gina ƙasa, da farfaɗo da waɗanda suka tagayyara. Irin wannan aiki ne ya sake tasowa a Arewa maso Gabas saboda rikicin Boko Haram.

Abin da ya sami Potiskum

Potiskum, a Jihar Yobe, gari ne na Bolewa da Ngizim da Karekare da Hausawa da Fulani, kasuwar shanunsa kuwa tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. A watan Mayu na 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. Ran 6 ga Yuli na wannan shekara aka kai hari makarantar sakandare ta Mamudo. Ran 10 ga Nuwamba 2014 kuma bam ya tashi a makarantar kimiyya ta Potiskum, ɗalibai suna taron safe, fiye da mutum 40 suka rasu. Duk da haka garin ya buɗe ƙofa ga masu gudun hijira. A wannan yanki akasarin waɗanda suka bar gidajensu ba a sansani suka zauna ba, gidajen dangi da na masu tausayi ne suka ɗauke su.

Hukumomin da aka kafa

A 2014 aka buɗe Asusun Tallafa wa Waɗanda Ta'addanci Ya Shafa, aka naɗa Janar T. Y. Ɗanjuma shugabansa, kuma a shekarar ne aka soma shirin tsaron makarantu. A 2017 aka sa hannu a dokar Hukumar Raya Arewa maso Gabas, mai hedkwata a Maiduguri. Hukumar NEMA, da ƙungiyar Red Cross, da asusun UNICEF, su ma sun ba da agaji a yankin.

Yadda taimako yake amfani

Taimako hawa uku ne. Na farko shi ne na gaggawa: abinci, da magani, da wurin kwana. Na biyu shi ne mai da yaro makaranta, gama yaron da ya daɗe a gida da wuya ya koma aji, sai talla ko yawon tasha. Na uku, wanda ya fi dorewa, shi ne jari. Buhun hatsi yakan ƙare cikin 'yan makonni, amma keken ɗinki, ko injin niƙa, ko awaki biyu, suna iya ciyad da gida shekara da shekaru. Dalili ke nan da ya sa taimakon uwa ko kakar da ke riƙon maraya ya fi raba shi da danginsa.

Akwai kuma raunin da ido ba ya gani. Yaron da ya ga kisa yakan riƙa firgita cikin barci, ko ya daina magana. Wannan ba taurin kai ba ne, kada a doke shi. A kai shi ga ma'aikatan lafiya. Haka nan yaran da suka kuɓuto daga hannun 'yan bindiga ba su da laifi, kada a yi musu gori.

Wajibin jama'a

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai hali ya nufi gidajen marayu da zakkarsa da sadakarsa, ko ya ɗauki nauyin littattafan yaro guda. Masu unguwa su rubuta sunayen mabukata bisa gaskiya, ban da son kai. Kayan agaji kuwa amana ne, ba na sayarwa ba ne. Duk wanda ya gan su a kasuwa ya sanad da hukuma.