Jam'in Suna Bayan Ƙaramin Adadi a Ingilishi: Abin Lura Daga Ƙasar Yawuri

Cikin kurakuran da malaman Ingilishi ke gyarawa a littattafan ɗalibai na ƙasar Hausa, da wuya a sami mai nacin wannan: yaro ya rubuta "three basket" ko "a few day", ya bar suna a tilo inda Ingilishi ke bukatar jam'i. Akan ɗora laifin a kan sakaci. Amma kuskuren yana da tushe cikin nahawun Hausa, kuma galibin maganinsa yana nan cikin wannan nahawu. Ƙasar Yawuri ta dace da duba al'amarin, gama harsuna da dama ke haɗuwa a makarantunta, sana'o'in jama'arta kuwa, kamun kifi da noman albasa da shinkafa da cinikinsu, duk na ƙirge ne.

Ƙa'idar Ingilishi ba ta da tsawo. Duk sunan da ake iya ƙirgawa, in adadinsa ya wuce ɗaya ko da ƙiris, jam'i yake ɗauka. Saboda haka ake cewa "two canoes", "a few nets", "several days", "a couple of weeks", har ma "one and a half hours". Abin da ba a ƙirgawa sai awo, kamar ruwa da gishiri da mai, yana nan a tilo, kalmar ƙaranci da ke tafiya da shi kuwa ita ce "a little".

Hausa ba haka take ba. Mai saye a kasuwar kifi ta Yalwa yakan ce a ba shi kwando uku, mai jirgi ya ce ya yi kwana biyu a Wara, dattijo ya ce ya shekara arba'in yana jefa birgi. Alƙalamin ƙidaya ya riga ya faɗi yawan abu, don haka harshen bai ga dalilin maimaita shi a jikin suna ba. Ana iya cewa mutum biyar ko mutane biyar, jirgi biyu ko jirage biyu, duka daidai ne. Amma a sunayen awo da na lokaci, irin su mudu da tiya da buhu da kwana da wata, tilo ne ya fi sauƙi a baki. To, waɗannan su ne sunayen da yaro ya fi ƙirgawa tun yana ƙarami. In ya rubuta "ten year", ƙa'ida ya bi, sai dai ta wani harshe ce.

Babbar matsala tana wajen kalmar "kaɗan". Malamai da yawa sun saba fassara "a few" da "a little" duka biyu da ita, tun da ana cewa mutane kaɗan, ana kuma cewa ruwa kaɗan. Ɗalibin da aka koya wa haka ba shi da abin da zai raba tsakanin kalmomin biyu, sai ya dinga caca da su. Alhali kuwa Hausa tana da rabon nan sarai a wani wuri, watau a "ɗan" da "'yar" da "'yan". Bahaushe yakan ce ɗan gishiri, 'yar shinkafa, ɗan mai, amma ya ce 'yan kwanaki, 'yan jirage, 'yan buhuna. Babu yaron da zai ce ya sayi 'yan buhu, kunnensa ba zai yarda ba. Ashe ke nan ƙa'idar da ake wahalar cusa masa da Ingilishi tana bakinsa tuntuni. Abin da ya kamata shi ne a ɗaura masa "a few" a kan "'yan", a ɗaura "a little" a kan "ɗan" da "'yar", a jingine "kaɗan" sai daga baya. Har ruɗanin da ke cikin "a little fish" Hausa tana da irinsa, don ɗan kifi yana iya zama ƙaramin kifi guda, yana kuma iya zama ɗan abin da aka saka a miya.

Wannan dabara tana da iyaka, ya kuma wajaba malami ya san inda take tsayawa. Kuɗi a asali jam'in wuri ne, tun zamanin da ake ciniki da shi, shi ya sa har yanzu ake cewa 'yan kuɗi. Ingilishi kuwa ya ɗauki "money" abin awo, sai dai "a little money". Haka labarai da shawarwari da kayayyaki, duk jam'i ne lafiyayye a Hausa, amma "news" da "advice" da "luggage" ba a ƙirga su, sai an sa musu "piece" ko makamancinta a gaba. Irin waɗannan ba su da yawa, gara a haddace su ɗaya ɗaya.

Akwai kuma abin dariya da ya shafi bakin tafkin musamman. Kalmar da yaron Sarkawa ko Gungawa ya fi bukatar ƙirgawa da Ingilishi ita ce "fish", ita kuwa ba ta canja kama a jam'i: "a few fish", "ten fish". "Fishes" sai in ana nufin iri daban daban, kamar giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa. Kuɗin ƙasa ma haka. Kafin 1973 ɗalibi yana koyon "five shillings" da "two pounds" kullum a darasin lissafi, amma "naira" da "kobo" da suka maye gurbinsu ba sa ɗaukar "s". Malamin da ya fara darasi da kifi da naira don kusantar rayuwar yara ya ƙarfafa musu kuskuren ne ba da niyya ba. Da taru da kwando da jirgi ya kamata a fara.

Ba kowane ɗalibi a wannan ƙasa ne Hausa ke harshen uwarsa ba. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da garuruwan gaɓa, aka sake tsugunar da mutane fiye da 40,000, jama'a suka ƙara cuɗanya, Hausa ta ƙara zama harshen kasuwa da na aji. Harshen Gungawa da na Kambari na wajen Ngaski suna cikin dangin da masana ke kira harsunan Kainji, su kuwa a farkon kalma suke nuna tilo da jam'i, da ɗafa-goshi. Ana ganin aikin ɗafa-goshin ko a sunan da Gungawa ke kiran kansu, Bareshe, da na harshensu, Tsureshe. Yaron da ya tashi da irin wannan harshe ya saba da bambanta tilo da jam'i ƙwarai, sai dai a goshin kalma ya saba nemansa, Ingilishi kuwa a wutsiya yake ajiye shi. Irin wannan yaro nuni kawai yake bukata ga inda zai duba. Harshen Shanga daga dangin Mande yake, amma akasarin Shangawa Hausa suke yi yanzu, hukuncin 'ya'yansu a nan ɗaya ne da na Hausawa.

Saura batun kunne. Kalmomin Hausa kusan duka da wasali suke ƙarewa, don haka tarin baƙaƙe irin na ƙarshen "nets" da "baskets" da "months" yana da nauyi a harshe, "s" ɗin takan faɗi a magana, daga nan ta faɗi a shifta. Wannan ciwo daban ne da na nahawu, maganinsa ma daban. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. A ba ɗalibi sunayen da jam'insu ba ya bukatar "s", kamar "men" da "children" da "feet". In ya rubuta "three men" daidai amma ya rubuta "three basket", horon furuci da saurare yake so. In kuwa ya rubuta "three man", to, tsarin mutum uku ne ya ɗauko ya sa wa Ingilishi, sai a koma da shi kan 'yan kwanaki da 'yan jirage tun daga farko.