GYARAN AKSIL NA BAYA A TSOHUWAR LAND ROVER

'Yan'uwa manoma, ƙungiyar da take da tsohuwar Land Rover ta san amfaninta a lokacin kaka da lokacin kai taki gona. An fara ƙera wannan mota a Ingila a 1948. Samfurin da ake kira Series III ya fito a 1971, aka daina yin sa a 1985. Motar tana da juriya, amma aksil ɗinta na baya yakan ba da wahala.

Ga yadda abin yake. Ƙarfin inji yana bin furofela zuwa tukunyar da ke tsakiyar aksil, wadda makanikai suke kira difaranshal. Ita ce take raba ƙarfin ga tayoyin baya ta hanyar sanduna biyu, tana kuma barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana. A aksil irin na Rover, kan kowace sanda yana da haƙora 10 ne kawai. In an cika buhuna fiye da kima, taya ta juya a laka sannan ta kama ƙasa farat ɗaya, sai sandar ta karye. Ranar nan hatsi zai kwana a daji.

Maganin wannan shi ne aksil mai suna Salisbury, wanda kamfanin ya sa wa doguwar Series III mai inci 109. Sandunansa sun fi kauri, haƙoransu 24. Za ku gane shi da murfin da aka ɗaure da notuna ta bayan tukunyar. Bakinsa ya fi tsawo, saboda haka yana bukatar furofela mafi gajarta. In motarku gajera ce mai inci 88, dole mai walda ya sake wa sifirin mazauni.

To, a nan ne za a yi hattara. Wani makanike zai ba ku shawarar sa difaranshal irin na Range Rover, wadda ta fito a 1970, domin mota ta ƙara gudu. A Land Rover furofela takan juya sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya, a Range Rover kuwa sau 3.54. Gudu zai ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin uku, amma ƙarfin ja zai ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Motar da aikinta hawan tudu da kaya ne ba ta bukatar wannan. Ku bar ta a 4.7.

Kuma lalle lissafin gaba da na baya su zama ɗaya. In sun bambanta, da zarar an sa giyar ƙafa huɗu za su yi ta jan juna har wani abu ya fashe.

Kafin ku biya kuɗin aksil na hannu, ku gwada shi. Ku riƙe gefe ɗaya, ku juya ɗaya gefen sau biyu cif, kuna ƙirga juyin bakin da furofela take kamawa. In ya kusa kai biyar, daidai ne. In uku da rabi ne, ku bar shi.

Bayan an ɗaura, a zuba man giya mai lamba 90, a gwada birki. Duk ranar da mota ta ƙetare rafi, a duba man. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, a canza shi nan da nan.