Tukunya biyu a gida ɗaya: auren Turawan da suka shiga Hindu

A 1966 wani dattijo ɗan Indiya, Prabhupada, ya kafa ƙungiyar Hare Krishna a New York, matasan Amurka da Ingila suka bi shi. A 1973 George Harrison na Beatles ya ba su katafaren gida kusa da Landan.

A madafa aure ke fara jin sauyin. Wanda ya ɗau alkawari zai bar nama, kifi da ƙwai, giya da caca, har shayi da kofi. Albasa da tafarnuwa ba sa shiga miya. Ba a ɗanɗana girki kafin a miƙa wa Krishna, don haka da ido ake auna gishiri. Kullum kuma sai an ja carbi mai ƙwaya 108 sau 16, kusan awa biyu ke nan.

In matar ce kaɗai ta shiga, miji na nan da namansa, to fa nan ake yin ta. Wasu sukan raba tukwane da wuƙaƙe don a zauna lafiya. Ranar Kirsimeti surukai su gasa talo-talo, ita ta zo da kwanonta. Yara kuma, abincin wa za su ci?

Can Indiya ma da sauran rina a kaba. Wurin bautar Jagannath da ke Puri, jihar Odisha, ba ya barin Bature ya shiga, ko da ya shekara talatin yana jan carbin. Daga waje yake tsayawa, ya jira ranar da za a fito da gumakan a kan manyan amalanke.