Dokokin Killace Katako Domin Tsare Nijeriya Daga Baƙuwar Gara

Gara ba baƙuwa ba ce ga mutanen ƙasar nan. Manomi ya san ta a gindin rumbu, magini ya san ta a jikin azara, malami kuma ya san ta a cikin littattafansa. Amma garar gida, duk da ɓarnarta, an san halinta. An san surinta, an san lokacin da shinge yake fitowa da faɗuwar damina, kuma tana da maƙiya masu rage ta, kamar su tururuwa da tsuntsaye da dabgi. Wadda ake gudu ita ce garar da ake ɗaukowa daga wata ƙasa a cikin katako, ba da sanin mai kayan ba. Saboda ita aka shirya wannan bayani.

MECE CE BAƘUWAR GARA?

Masana sun ƙidaya gara wajen iri 3,000 a duniya, yawancinsu kuwa ba su barin inda aka halicce su. A wani lissafi da aka yi cikin 2013, iri 28 kaɗai aka samu sun ƙaura sun kafu a waɗansu ƙasashe. Dukansu itace suke ci, suna iya zama a cikin guntun katako, kuma ƙungiya kaɗan da ta rabu da gida tana iya fid da sabuwar sarauniya ta ci gaba da haihuwa.

Biyu daga cikinsu sun fi ƙaurin suna. Ta farko ita ce garar Famosa, wadda asalinta kudancin ƙasar Sin ne da tsibirin Taiwan. Gida ɗaya nata yakan tara gara miliyoyi. Takan gina sheƙa mai riƙe danshi a cikin bango ko rufi ko jikin jirgin ruwa, ta zauna ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Ta biyu ita ce garar busasshen katako wadda ta fito daga gaɓar tekun Peru da Chile. Ita wannan ba ta neman ƙasa, ba ta neman ruwa. Kujera ɗaya ko ƙyauren ƙofa ya ishe ta gida shekara da shekaru.

YADDA TAKE TAFIYA

Shinge ba shi da ƙarfin fiffike, ba safai tashinsa yake kai kilomita 1 ba. Ashe kuwa gara ba ta ƙetare teku da kanta, mutum ne yake ɗaukarta. Takan biyo akwatunan katako, da katakon da ake jera kaya a kai cikin kwantena, da gumaguman da ake tokare kaya da su a jirgi, da tsofaffin kujeru da gadaje na gwanjo, da tukwanen shuka masu ƙasa a ciki. Don haka dokokin killacewa a kan katako da ƙasa suka tsaya, domin su ne abin hawan gara.

ABIN DA YA SAMI WAƊANSU ƘASASHE

Garar Famosa ta shiga tashoshin jiragen ruwa na kudancin Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cikin kayan da aka komo da su daga gabashin Asiya. Ba a gane ta a birnin New Orleans ba sai 1966, sa'an nan ta riga ta yi jijiya cikin gidaje da itatuwan birnin. Daga bisani tsohon katakon hanyar jirgin ƙasa da ake sayarwa don ƙawata lambu ya kai ta waɗansu garuruwa. Da guguwar Katrina da ta Rita suka rushe gidaje cikin 2005, sai jihar Louisiana ta killace gundumomi 12, ta hana fitar da katako daga cikinsu sai an sa masa magani.

A Ingila kuwa, an ga baƙuwar gara a wani gida a ƙauyen Saunton cikin 1994. Wurin da ta kama bai wuce gidaje biyu da harabarsu ba, amma sai a 2021 aka ba da sanarwar an ga bayanta, watau bayan shekara 27. In gida biyu sun ci wannan lokaci, ina ga unguwa, balle birni?

Har wa yau, hanyar ba ta shigowa kaɗai ba ce. Akwai wata garar busasshen katako ta Afirka, wadda aka sani a gidajen kudancin Nijeriya, da jiragen ruwa suka kai ta Brazil da tsibiran Karibiyan. Saboda haka yadda ake binciken kayan da suke shigowa, haka waɗansu ƙasashe suke binciken kayan da suke fita daga nan.

ABIN DA DOKA TA CE

Tun 1964 Nijeriya take da dokar ƙayyade shigo da tsirrai da kayan gona. Yanzu aikin yana hannun Hukumar Killace Tsirrai da Dabbobi ta Nijeriya, wadda ake kira NAQS a taƙaice, a ƙarƙashin Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya. Ma'aikatanta suna tashoshin jiragen ruwa kamar ta Apapa a Ikko, da filayen jirgin sama, da kan iyakokin ƙasa.

Game da katakon ƙunshe kaya, ƙasashen duniya sun yarda da ƙa'ida guda cikin 2002, wadda ake kira ISPM 15. Ga abin da ta ƙunsa:

1. Duk katakon ƙunshe kaya da kaurinsa ya wuce milimita 6, wajibi ne a ɓare ɓawonsa, a kashe ƙwarin da suke ciki kafin ya ƙetare iyaka.

2. Hanyar da aka fi bi ita ce a gasa shi har zafi ya kai digiri 56 na ma'aunin Salsiyas a tsakiyarsa, ya tsaya haka minti 30 a jere. Ana kuma turara shi da iskar magani mai suna metil buromaid.

3. Sa'an nan a buga masa hatimi mai zanen zangarniyar alkama, da haruffan ƙasar da ta yi aikin, watau NG ga Nijeriya, da lambar wanda ya yi aikin, da HT in gasawa aka yi, ko MB in turarawa.

4. Katakon da aka manne falle-falle da gam da zafi a masana'anta ba ya cikin wannan ƙa'ida.

Mai son shigo da shuka mai rai kuwa, lalle ne ya nemi takardar izini tun kayan ba su taso ba, su kuma zo da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga ƙasar da suka fito. Kayan da suka saɓa wa ƙa'ida ana iya tsare su, a sa musu magani, ko a mai da su inda suka fito, ko a hallaka su. Hasarar duka a kan mai kaya take.

Ya kamata a lura, hatimi ba laya ba ne. Shaida ce ta cewa an kashe abin da yake cikin katako a ranar da aka yi aikin. In aka jibge shi a kan ƙasa mai danshi wata da watanni, gara tana iya komawa.

ALAMUN DA ZA A DUBA

Garar busasshen katako takan huda ƙaramin rami ta zubo da kashinta, 'yan ƙwayoyi masu tauri kamar yashi, su taru a gindin kujera ko kabad. In an share sun sake taruwa, to, akwai mai gida a ciki. Sauran alamu su ne fikafikan shinge a bakin taga, da hanyar laka a jikin akwati, da katakon da in an ƙwanƙwasa yake ƙara kamar ganga.

ABIN DA AKE BUKATA GA JAMA'A

Ɗan kasuwa ya gaya wa wanda zai aiko masa da kaya ya yi amfani da katako mai hatimi, ya duba da idonsa ranar sauke kaya. Matafiyi ya bayyana kayan itace da shuke-shuken da ya zo da su, kada ya ɓoye. Kafinta da mai sayen akwatunan tasha su bincika kafin su kai shago. Wanda ya ga alamar gara a kayan da suka zo daga waje, kada ya farfasa su, kada ya sayar, kada ya kai wani gari. Ya rufe su inda suke, ya sanar da ofishin hukumar mafi kusa ko malamin gona na yankinsa.

Jinkirin kwana biyu a tasha abu ne mai sauƙi a kan rufin gida da zai rufta bayan shekara goma. Rigakafi, an ce, ya fi magani.